Marubutan waya, ku tausaya wa idanunku

Cikin zafin watan Afrilu wata yarinya ta zo asibitinmu tare da mahaifiyarta. Kwana goma tana ciwon kai, idanunta sun yi ja wur, babban yatsanta na dama yana tsami kamar an ɗaure shi da zare. Uwar ta riga ta yanke hukunci cewa taifot ne. Muka gwada maleriya, babu. Muka auna jini, lafiya lau. Sai na tambaye ta ƙarfe nawa take kwanciya. Ta sunkuyar da kai, uwar ta karɓe: "Malama, wane barci? Ɗiyar ga tana cikin gidan sauro da waya har kiran assalatu, wai littafi take rubutawa."

Littafin gaske ne. Tana da guruf a WhatsApp, mata sun tura mata kuɗi, kullum kuma suna jiran shafin gobe. Ranar da ta makara, saƙonni sun fi ɗari: "Mun biya fa." Ita kuwa da rana ga aikin gida, ga zafin Sakkwato da ke haura digiri 40, sai dare ya raba take samun sukuni.

Ba zan ce kowa ya bar rubutu ba. A garin da Nana Asma'u ta rayu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta shafe shekaru da dama tana waƙe da Fulatanci da Hausa da Larabci har tsufanta, ai kunya ma za ta hana ni faɗin haka. Abin da ke damuna shi ne na ga yara masu basira suna ƙone kansu a littafi biyu, na uku ya gagara.

Ido ne ke fara kuka. Wanda ya ƙura wa allon waya ido yakan rage ƙiftawa ba tare da ya sani ba, sai idon ya bushe, ya yi raɗaɗi kamar da yashi a ciki. In hunturu ya zo da ƙurarsa abin ya ninka. Dabarar da likitocin ido ke koyarwa ba ta cin ko sisi: duk minti 20, ki ɗaga kai ki dubi wani abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Bishiyar dogon yaro ta ƙofar gida ma ta isa. Kada kuma ki yi rubutu cikin duhu da hasken waya kaɗai. Sannan don Allah a daina sayen maganin ɗiga wa ido a kemis ba tare da an duba mutum ba. Wasunsu na da sinadarin sitiroyid, suna kawar da ja nan take, amma yawan amfani da su na iya jawo hawan jinin ido, ganin da ya tafi ta wannan hanyar kuwa ba ya dawowa. In jan ido ya daɗe ko gani ya fara dishi-dishi, a je sashen ido na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko na asibitin Specialist da ke Sakkwato.

Wuya da yatsa kuwa, ɗaga wayar zuwa saitin ido, a jingina baya da bango, a tashi a taka bayan kowane shafi. A ajiye ruwa kusa.

Ga kuma matsalar da maza suka fi faɗawa ciki: lemon ƙara kuzari da shayi mai kauri don korar barci, daga nan wani ya zarce tiramadol. Gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin tun 2018, amma har yau muna ganin masu fama da shi. Baligi na bukatar barcin awa 7 zuwa sama, kuma duk wanda ya taɓa karanta abin da ya rubuta ƙarfe uku na dare ya san washegari rabinsa gogewa ake yi.

Maganar kasuwanci ba fannina ba ce, amma ita ce tushen ciwon yarinyar nan, shi ya sa na sa baki. Ta karɓi kuɗin labarin da ba ta rubuta ba, ta zama mai bashi a hannun mutum sama da ɗari. Na ce mata nan gaba ta tara shafi ashirin a ajiye kafin ta yi talla, ta faɗa wa masu karatu tun farko cewa sau uku a mako za ta riƙa saki, Juma'a babu. Ta kuma riƙa tura wa kanta kwafi ta imel, don waya na faɗawa ruwa.

Bayan mako uku ta dawo ita kaɗai, idon ya washe. Ta ce mutum huɗu sun fita daga guruf ɗin cikin fushi, sauran sun zauna. Rubutun ta mayar da shi bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga. Yatsan dai har yanzu yana ɗan damunta, na rubuta mata takardar ganin likitan ƙashi.