Dokar kashi 2 cikin 100 ta Indiya da karatun kimiyya da lissafi

Indiya dai ta gaji da roƙon manyan kamfanoni su taimaka wa jama'a, sai kawai ta mai da abin dole. Sashe na 135 na Dokar Kamfanoni ta 2013, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Afrilu 2014, ya ce kamfani ya ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na ribarsa ya kashe kan ayyukan al'umma, abin da suke ce wa CSR. Ba ribar shekara ɗaya ake dubawa ba fa, ta shekara uku da suka wuce ake haɗawa a raba uku, sai a cire kashi biyun daga nan.

Ba kowane kamfani abin ya shafa ba. Sai wanda dukiyarsa ta kai rupi biliyan 5, ko cinikinsa na shekara ya kai biliyan 10, ko ribarsa ta kai miliyan 50, ɗaya kawai ya cika ya shiga layi.

To ina maganar kimiyya da lissafi ta shigo? A ƙarshen dokar akwai Jadawali na 7 da ya jero abubuwan da aka yarda a kashe kuɗin a kai, ilimi na ciki, koyar da sana'a na ciki, har da ba jami'o'in gwamnati da cibiyoyin IIT, wato manyan makarantun fasaha na gwamnatin Indiya, kuɗin bincike a fannin kimiyya da injiniyanci da likitanci. Wato kamfanin siminti zai iya gina wa sakandare ɗakin gwaje-gwaje, ko ya ɗauki nauyin horar da malaman lissafi, ko ya biya wa 'yan mata kuɗin karatun injiniya, duk a lissafa masa. Amma in 'ya'yan ma'aikatansa kaɗai ya yi wa, babu. In talla ce ya lulluɓe da sunan taimako, ita ma babu, haka kuɗin da aka ba jam'iyyar siyasa.

Da farko dokar ba ta da haƙora sosai, in ba ka kashe ba ka rubuta dalili a rahoton shekara shi ke nan. A 2021 aka ɗaure. Yanzu kuɗin da ya rage sai ka tura shi wani asusun da jadawalin ya ambata cikin wata shida bayan ƙarewar shekarar kuɗi, in kuma aiki ne da ake kan yi to ka zuba a asusu na musamman cikin kwana 30, ka kashe cikin shekara uku. Wanda ya ƙi, tararsa ninki biyu na kuɗin ko rupi miliyan 10, duk wanda ya fi ƙanƙanta.

Ni a ganina wannan zancen aikin shekara uku shi ne abin da ya fi amfanar kimiyya a dokar gaba ɗaya. Domin gina ɗakin gwaji ba shi ne wahala ba, a yi fenti a yanka kirtani a ɗauki hoto, bayan zango biyu sinadarai sun ƙare, madubin ƙara girman abu na kulle a kabad saboda malamin na tsoron a fasa a ce ya biya, kwamfutoci ashirin kuma an rufe da leda tunda ba wanda ya iya koyarwa da su. Abin da ke sa yaro ya fahimci lissafi malami ne da ya iya, shi kuma horar da malami aiki ne mai ɗaukar lokaci, ba ya fitowa da kyau a hoto, kuma dokar ba ta tilasta wa kowa ya zaɓi wannan ba, hasali ma ba ta ce lallai sai ilimi ba, kamfani na iya kai kuɗinsa gaba ɗaya asibiti ko dashen itatuwa.

Sai wata matsalar. Dokar ta ce kamfani ya fifita yankin da yake aiki, wanda a ido adalci ne, amma masana'antu sun taru ne a jihohi irin su Maharashtra da Gujarat da Karnataka, don haka kuɗin ma can ya fi zuba, jiha kamar Bihar mai tarin yara da ƙarancin masana'antu kaɗan take gani.