Gadar Yariman Wales: me ya sa sauya wa gada suna ya tayar da ƙura?

A watan Afrilun 2018 gwamnatin Birtaniya ta sanar da cewa za ta sauya sunan babbar gadar da ta haɗa Ingila da Wales, daga Gadar Severn ta Biyu zuwa Gadar Yariman Wales. Kafin a ce kwabo, dubban mutanen Wales sun tashi haiƙan suna cewa ba su yarda ba. Ga wanda ke kallo daga nesa, abin ya yi kama da rigima a kan ɗan allon gefen titi. Allura ce ta tono garma.

Wace gada ce wannan?

Kogin Severn shi ne mafi tsawo a Birtaniya, kuma inda ya buɗe zai faɗa teku ya raba kudancin Wales da kudu maso yammacin Ingila. Manyan gadojin mota biyu ne suka tsallaka wannan wuri. Ta farko Sarauniya Elizabeth ta buɗe ta a 1966. Da motoci suka yi mata yawa, aka gina ta biyu, mai tsawon fiye da kilomita 5, Yarima Charles ya buɗe ta ranar 5 ga Yunin 1996. Babban titin M4 da ya taso daga Landan zuwa Newport da Cardiff da Swansea ta kanta ya bi. Mafi yawan masu shiga kudancin Wales da mota ta nan suke shigowa, saboda haka mutane ke kallonta a matsayin ƙofar gari.

Wa ya yanke shawarar sauya sunan, kuma da wane dalili?

Alun Cairns, ministan harkokin Wales a gwamnatin jam'iyyar Conservative ta Theresa May, shi ya yi sanarwar ranar 5 ga Afrilu. Dalilin da aka bayar shi ne a shekarar Charles zai cika shekara 70 da haihuwa, kuma shekara 60 ke nan tun da mahaifiyarsa ta ba shi sarautar Yariman Wales a 1958. Sarauniya ta amince, firaminista ta amince. An sanar da gwamnatin Wales da ke Cardiff tun kafin lokacin, kuma shugabanta Carwyn Jones na jam'iyyar Labour bai nuna ƙin yarda ba. Waɗanda ba a tambaya ba su ne jama'a. Ba a buɗe ƙofar jin ra'ayi ba, ba a kawo wasu sunaye an ce a zaɓa ba. Wayar gari kawai aka yi aka ji an raɗa suna.

To, ai Yariman Wales nasu ne. Me zai sa su ƙi sunansa?

A nan ne kalmar "yarima" za ta iya ɓatar da Bahaushe. Idan aka ce yariman gari kaza, abin da ke zuwa a rai shi ne ɗan gidan sarautar garin, jinin masu ƙasa. Yariman Wales ba haka yake ba. Sarauta ce da sarkin Ingila ke bai wa magajinsa, kuma yadda ta faɗa hannun Ingila shi ne tushen maganar.

A da Wales tana da sarakunanta. Kalmar da suke amfani da ita a harshensu, tywysog, asalin ma'anarta jagora ko shugaba, mai mulki da kansa. Mafi shahara a ƙarshen zamaninsu shi ne Llywelyn ap Gruffudd na Gwynedd, wanda sarkin Ingila Henry na Uku ya amince masa da laƙabin Yariman Wales a yarjejeniyar Montgomery ta 1267. Da Edward na Ɗaya ya hau gadon mulki, ya ɗaura wa Wales yaƙi. An kashe Llywelyn a Cilmeri a watan Disambar 1282, aka kai kansa Landan aka kafe don kowa ya gani. Ƙanensa Dafydd aka kama shi, aka yi masa kisan wulaƙanci a Shrewsbury a 1283. Edward ya zagaye arewacin Wales da manyan ganuwoyi na dutse, irin na Caernarfon da Conwy da Harlech, sannan a 1301 ya naɗa ɗansa a sarautar wanda ya kashe.

Daga baya an sami Owain Glyndŵr, wanda magoya bayansa suka ayyana shi Yariman Wales a watan Satumbar 1400, ya jagoranci tawaye na shekaru kafin a ci ƙarfinsa. Shi ne ɗan ƙasa na ƙarshe da ya riƙe wannan suna. A zamanin Henry na Takwas kuma, dokokin 1535 da 1542 suka haɗe Wales da Ingila ta fuskar shari'a, aka mai da Ingilishi harshen kotu da ofis.

Saboda haka idan ɗan kishin Wales ya ji "Yariman Wales", abin da yake ji shi ne rawanin da aka cire daga kan wanda aka ci da yaƙi aka ɗora wa ɗan wanda ya ci. A rubuta wannan suna a ƙofar shiga ƙasar, a wurinsa, fami ne ga tsohon miki.

Shekara ɗari bakwai fa ke nan. Har yanzu ba a manta ba?

Da a ce abin ya tsaya a 1282, wataƙila da ya zama labarin littafin makaranta. Amma akwai na kusa, wanda masu rai suka gani da idonsu.

A 1957 majalisar dokokin Birtaniya ta ba birnin Liverpool na Ingila izinin datse kwarin Tryweryn don samun ruwan sha. A cikin 'yan majalisa 36 masu wakiltar Wales babu ko ɗaya da ya kaɗa ƙuri'ar goyon baya, amma dokar ta wuce. A 1965 ruwa ya shanye ƙauyen Capel Celyn, ƙauyen da Welsh ne harshen mutanensa, da makarantarsa da majami'arsa. Har yau ana rubuta "Cofiwch Dryweryn", wato ku tuna da Tryweryn, a jikin bango da motoci. A 1966 Gwynfor Evans ya ci kujerar Carmarthen, ya zama ɗan majalisa na farko na Plaid Cymru, jam'iyyar 'yan kishin Wales da aka kafa a 1925.

Cikin wannan yanayi aka yi bikin naɗin Charles a ganuwar Caernarfon ranar 1 ga Yulin 1969, wato a cikin ginin da Edward ya kafa don danne Wales. Kafin bikin an tura shi jami'ar Aberystwyth ya yi zango ɗaya yana koyon harshen Welsh, kuma malaminsa, Edward Millward, jigo ne a Plaid Cymru. Jama'a da yawa sun yi murna da bikin, wasu sun yi zanga-zanga, kuma a jajibirin ranar mutum biyu suka mutu a Abergele lokacin da bam ya tashi da su. Wanda ya sanya wa gadar wannan suna a 2018 ya san duk wannan tarihi, ko kuma ya kamata ya sani.

Yaya aka nuna adawar?

Cikin lumana. An buɗe takardar koke a intanet, cikin 'yan kwanaki mutum sama da 30,000 suka sa hannu. An yi ɗan gangami a Cardiff. Leanne Wood, shugabar Plaid Cymru a lokacin, ta yi wa sanarwar ba'a a shafinta na Twitter, tana tambaya ko wasan ɗaya ga Afrilu ne ya makara. Wasu suka riƙa kawo sunayen da suke ganin sun fi dacewa, ciki har da Aneurin Bevan, ɗan Wales da ya kafa tsarin kiwon lafiya kyauta na Birtaniya a 1948, da Owain Glyndŵr.

Duk masu adawar 'yan a-ware ne?

A'a, kuma wannan ne ya sa maganar ta fi ƙarfin jam'iyya ɗaya. Akwai masu son Wales ta ɓalle ta zama ƙasa mai cin gashin kanta. Akwai masu ƙin tsarin sarauta gaba ɗaya, ko a Ingila suke ko a Wales. Akwai kuma waɗanda ba su da matsala da gidan sarauta, ba su da matsala da Charles, abin da ya ɓata musu rai kawai shi ne ba a shawarce su ba. Wales ta kaɗa ƙuri'ar samun majalisarta a 1997, da rinjaye ƙanƙane na kashi 50.3 cikin 100, majalisar ta fara zama a 1999. Mutumin da aka ce masa yanzu yana da bakin magana a gidansa, sai ga shi an sa wa ƙofar gidan suna daga Landan, dole ya tambayi iyakar wannan baki.

A ganina wannan rukuni na uku ya fi kowa hujja. Wanda ya raɗa suna shi ke nuna cewa abu nasa ne, kuma ko sunan ya yi daɗi, mai gida zai so a ce da shi aka zauna.

Me masu goyon baya suka ce?

Suna da abin faɗa. Charles ne ya buɗe gadar, ya shafe shekaru yana zuwa Wales, a lokacin yana da gida a Llwynywermod cikin Carmarthenshire, kuma gidauniyarsa ta taimaki matasa da yawa. Tsohon sunan ma, in ji su, ai ba suna ba ne, lamba ce kawai. Sun ƙara da cewa gadar ba ta Wales kaɗai ba ce, ƙafarta ɗaya a Ingila take, kuma hukumar tituna ta Ingila ce ke kula da ita, don haka hurumin gwamnatin Birtaniya ne. Ta fuskar doka wannan gaskiya ne. Sannan akwai jama'a masu yawa da abin ko a jikinsu, su dai a bar su su wuce wurin aiki.

Ina batun kuɗin shiga ya shigo?

Shekara da shekaru ana biyan kuɗi kafin a hau gadojin biyu, kuma a kan ta biyu, mai shiga Wales ne ke biya, mai fita zuwa Ingila ya wuce kyauta. Mutanen Wales sun daɗe suna kiran wannan harajin shiga ƙasarsu. A 2017 ƙaramar mota tana biyan fam 6.70. A watan Janairun 2018 gadojin suka koma hannun gwamnati daga kamfanin da ke gudanar da su, kuɗin ya sauka zuwa fam 5.60, sannan ranar 17 ga Disambar 2018 aka soke shi baki ɗaya. Wannan kam ya faranta wa kusan kowa. Sai dai sauya sunan da ya faɗo a tsakiya ya sa wasu suka ga kamar an ba su da hannun dama an karɓe da na hagu, balle da aka ji cewa sauya alluna da abin da ya biyo baya ya ci sama da fam 200,000.

A ƙarshe an fasa?

Ba a fasa ba. Ranar 2 ga Yulin 2018 aka tabbatar da sabon sunan a gaban Charles, aka kafa alluna da Ingilishi da kuma Welsh, Pont Tywysog Cymru. Mutane da dama dai har yau tsohon sunan suke kira, ko su ce sabuwar gada kawai.

Tsugune ba ta ƙare ba. Sarauniya Elizabeth ta rasu ranar 8 ga Satumbar 2022, washegari Sarki Charles a jawabinsa na farko ya ba ɗansa William sarautar Yariman Wales, nan ma ba tare da an tambayi majalisar Wales ba. Sabuwar takardar koke ta taso tana neman a soke sarautar, kuma a watan Oktoba majalisar gundumar Gwynedd, tsohuwar ƙasar Llywelyn, ta kaɗa ƙuri'ar neman haka. A ɗaya ɓangaren kuma, inda mutanen Wales ke da ikon raɗa suna da kansu sun fara amfani da shi. A 2020 sunan majalisarsu ya koma Senedd, da harshen Welsh. A watan Nuwambar 2022 hukumar gandun Snowdonia ta yanke cewa za ta riƙa kiran yankin Eryri, dutsen Snowdon kuma Yr Wyddfa, sannan a Afrilun 2023 sunan gandun Brecon Beacons ya koma Bannau Brycheiniog. A wannan karon wasu jaridun Landan da 'yan siyasar Conservative ne suka yi ta ƙorafi cewa an sauya suna ba a tambaye su ba.