Daga Ƙwanni zuwa Tilliya: yadda littafi da fim suka ɗauki labarin zubar da jini

Duk wanda ya tashi a jihar Tawa ya ji labarin Ƙwanni tun kafin ya gan shi a takarda. A watan Mayu na 1899 rundunar Faransa da Voulet da Chanoine ke jagoranta ta auka wa Birnin Ƙwanni, ta ƙone gari, ta karkashe jama'a. Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta san shekarar ba, ba ta san sunan nasaran ba. Ta dai san an haƙa ramuka an zuba mutane, an kora mata gaba kamar garke. In ta kawo nan sai ta yi shiru ta ɗauki carbinta, mu ma kowa ya yi tsit.

Tun farkon rubutun boko da Hausa hanya ta rabu biyu. A 1934, can ƙetaren iyaka, Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, jarumin da ke sara yana yi wa kansa kirari. A gasar rubutu guda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo Shaihu Umar, labarin yaron da aka sace a zamanin cinikin bayi, uwarsa ta bi sawunsa har ƙetaren hamada. Ɗaya ya tsaya wajen mai takobi, ɗaya wajen wanda aka sara. A ganina ayyukan Nijar da suka yi ƙarko duk hanya ta biyun suka bi.

Mustafa Alasan, wanda ya yi shekaru masu yawa a nan Tawa kafin rasuwarsa a 2015, shi ya fara hango wani abu da har yau muke fama da shi. A 1966 ya yi fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier. Saurayi ne ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da bindigogi. Suka canza sunaye, suka saci dawaki, suka addabi ƙauyensu, daga baya suka juya wa juna. A lokacin finafinan kaboyi ne suka cika sinimomin Yamai, samari na kwaikwayon tafiyarsu da harbinsu. Mustafa bai yi wa kowa wa'azi ba. Ya nuna mana ɗan gida sanye da kayan aro yana firgita dattawan garinsu, ya bar mu da kunyar abin. Zalika Sule, wadda ta fito a ciki, ta sha tsangwama daga baya, don mutane da yawa ba su raba ƴar wasa da rawar da aka ba ta.

Umaru Ganda kuwa da idonsa ya ga yaƙi, don ya yi soja a Indoshin ƙarƙashin tutar Faransa. Fim ɗinsa Cabascabo, wanda aka nuna a bikin finafinai na Cannes a 1969, labarin tsohon soja ne da ya dawo da kuɗi, abokai da mata suka yanyame shi, kuɗi suka ƙare, kowa ya watse. Harbin da ke cikin fim ɗin kaɗan ne, a tunani yake zuwa. Nauyin labarin na kan mutumin da yaƙin wasu ya cinye masa ƙuruciya.

Sai 1980 Abdullahi Mamani, ɗan jam'iyyar Sawaba da ya sha gudun hijira da kurkuku, ya fitar da littafinsa Sarraounia, labarin Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tsaya wa rundunar nan ta Voulet. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1987. Ba a samu ɗaukarsa a Nijar ba, a Burkina Faso aka yi. Abin na ci mini rai har yanzu: labarinmu, gawawwakinmu, amma sai a ƙasar maƙwabta aka sami filin faɗarsa.

Bayan nan sinimomi suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Gidajen kallon bidiyo suka maye gurbinsu da finafinan karate da na Indiya da na Kano, inda duka da ramuwa suka zama abin tafi. A fada, ana shan shayi, yara sun haddace sunan kowane mugu.

A 2021 A'isha Maki ta dawo da mu hanya da fim ɗinta Zinder. Ta shiga Kara-Kara, unguwar da aka ware wa kutare a Damagaram, ta zauna da ƴan "palais", samarin da gari ke tsoro. Kyamararta ta daɗe a kan tabon wuƙa a jikinsu, a kan ƙarafan da suke ɗagawa, a kan fasa-ƙwaurin mai da suke ci da shi. Suka yi magana da Hausarsu, mai kallo ya gane yunwa da ƙyama ne suka rene su.

A shekarar ce kuma, ranar 21 ga Maris, ƴan bindiga suka afka wa ƙauyukan Tilliya, a arewacin jiharmu. Gwamnati ta ce mutum 137 aka kashe. Abin da ya iso mana Tawa a kwanakin nan hotuna ne a WhatsApp, gawa a buɗe, ba suna, ba dangi, ana turawa daga waya zuwa waya. Na goge su daga tawa. Waɗanda suka tsira suna nan da ransu, wasu a gidajen ƴan'uwa, kuma kowannensu ya san sunan wanda ya binne da hannunsa. Kakata ta rasu ba wanda ya ɗauki muryarta a kaset. Su kam hanyar Tilliya daga Tawa ta tashi, kuma matasanmu masu kyamara ba su da nisa.