Jinkiri a Neman Zama Hafsan Sojan Ko-ta-kwana: Tambayoyi da Amsoshi

Sojan ko-ta-kwana shi ne wanda yake riƙe da aikinsa na farar hula, amma yana zuwa horo a wasu ranaku na shekara, kuma ana iya kiransa bakin aiki idan buƙata ta taso. A Amurka abin da aka saba shi ne ƙarshen mako ɗaya a kowane wata da makonni biyu a shekara, a Birtaniya kuwa yawancin rundunoni suna neman kwana 27 a shekara. Mai neman shiga a matsayin hafsa yakan tarar cewa jiran ya fi jarrabawar wahala.

Me ya sa neman muƙamin hafsa yake jan lokaci haka?

Dalilin shi ne takardun mai nema ba a ofis ɗaya suke ƙarewa ba. Jami'in ɗaukar sojoji ne yake tattara su, likitoci su duba lafiya, masu binciken tsaro su bi tarihin mutum, kwamitin tantancewa ya zauna, sannan a nema masa gurbi a wata runduna da kuma gurbi a makarantar horo. Kowane ɓangare yana da nasa jadawalin, kuma sau da yawa ba a buɗe mataki na gaba sai na baya ya kammala. Saboda haka takarda ɗaya da ta makara da mako guda tana iya sa mutum ya rasa zaman kwamiti, kuma idan kwamitin sau ɗaya ko biyu yake zama a shekara, makon nan ya zama watanni. Akwai kuma abin da ya keɓanta da ko-ta-kwana: ba a ɗaukar hafsa a ajiye shi haka nan, sai an sami runduna mai gurbin da ya dace da sana'arsa.

Wane mataki ne ya fi tsayar da mutane?

Binciken lafiya ne, kuma a nan ne mai nema ya fi iya taimakon kansa. A Amurka ana yin gwajin a cibiyoyin tantance masu neman shiga soja da ake kira MEPS, waɗanda tun shekarar 2022 suke amfani da tsarin kwamfuta mai suna MHS Genesis, wanda yake janyo tarihin asibiti da na magungunan da aka taɓa rubuta wa mutum. A da, abin da mai nema ya faɗa da bakinsa shi ne mafi yawan abin da likita ya sani. Yanzu kuwa maganin da aka sha shekaru da dama da suka wuce yana fitowa fili, sai a nemi bayaninsa a rubuce. Ƙa'idar Ma'aikatar Tsaron Amurka, alal misali, tana ɗaukar ciwon asma da ya bayyana bayan cika shekara 13 a matsayin abin da ke hana shiga. Wannan ba ya nufin an rufe ƙofa, domin kowane reshe na soja yana da ikon ɗage sharaɗin bayan ya duba bayanan, sai dai neman ɗagewar wani layi ne daban mai nasa jiran. A Birtaniya ma ana neman bayanan mutum daga likitan da yake rajista da shi, kuma saurin aikin yakan dogara ne ga saurin amsar asibitin.

Abin da ya fi dacewa shi ne mutum ya nemi kwafin duk tarihin asibitinsa tun kafin ya cike takardar farko, tare da wasiƙar likita da ke bayyana cewa karaya ko tiyatar da aka yi ta warke sarai. Ɓoye ciwo kuwa kuskure ne babba, domin ana iya ɗage sharaɗi a kan ciwo, amma rashin gaskiya yana taɓa abin da aikin hafsa ya ginu a kansa.

Binciken tsaro fa, me yake riƙe shi?

Mafi yawan lokuta gibi ne a cikin bayanan da mutum ya bayar. Takardar SF-86 da ake cikewa a Amurka tana neman adireshin duk inda aka zauna da wuraren aiki na shekara 10, da tafiye-tafiye zuwa ƙasashen waje da hulɗa da mutanen waje na shekara 7. Wanda ya yi zaman ƙetare, ko yake da dangi a can, ko yake da bashin da bai warware ba, ya sa ran bincikensa zai fi na wasu tsawo. Wannan ba zargi ba ne, tabbatar da bayanin ne yake cin lokaci.

Idan na yi watanni ban ji komai ba, an ƙi ni ke nan?

A'a. Ƙin karɓa yakan zo da sanarwa, shiru kuwa galibi yana nuna cewa takardun suna kan layi a wani ofis.

An ce an zaɓe ni, amma har yanzu ba a rantsar da ni ba. Me ya rage?

Zaɓen kwamiti shawara ce, ba naɗi ba. A dokar Amurka shugaban ƙasa ne yake naɗa hafsoshin ko-ta-kwana daga muƙamin laftanar-kanar zuwa ƙasa, kuma a aikace ana jera sunayen waɗanda aka zaɓa a aika wa sakataren tsaro ya sa hannu, abin da kan ɗauki makonni ko watanni. Guraben kuma suna bin shekarar kasafin kuɗi wadda take farawa ranar 1 ga Oktoba, don haka wanda aka zaɓa bayan guraben shekara sun cika yana iya jiran sabuwa. A Birtaniya jinkirin yana iya zama hukuncin masu tantancewa da kansu: hukumar zaɓen hafsoshi da ke Westbury, bayan zaman gwaji na farko, tana iya umartar mai nema ya dakata daga wata 3 zuwa 24 kafin ya zo babbar jarrabawa. Da yake sau biyu kacal ake ba mutum damar zama babbar jarrabawar, wannan dakatarwa a ganina gata ce, ko da yake ba haka take zuwa a zuciyar wanda aka faɗa wa ba.

Mene ne ainihin haɗarin dogon jira?

Haɗarin shi ne abin da aka riga aka kammala ya lalace kafin sauran su iso. Gwajin lafiyar MEPS shekara biyu yake yi ya daina aiki, gwajin ƙarfin jiki da wasiƙun shaida su ma suna tsufa, kuma kowane shiri yana da iyakar shekarun haihuwa da ba ta jiran kowa. Ya kamata mai nema ya rubuta ranar da kowace takarda za ta ƙare, ya kuma tambaya tun wuri ko iyakar shekarun ana lissafa ta ne a ranar nema ko a ranar rantsuwa. Haka nan duk wani sabon abu da ya faru a lokacin jiran, kamar rauni ko sabon magani ko sauya wurin aiki, dole a sanar da shi.

Yaya zan bibiyi lamarina ba tare da na gundiri jami'in ba?

Tambaya mai kan gado ta fi yawan kira amfani. Maimakon a ce "ina aka kwana?", gara a tambayi ofishin da takardun suke a yanzu, da abin da ake jira, da ranar rufe karɓar takardu na zaman kwamiti mai zuwa. Saƙon imel ɗaya a kowane mako biyu ko uku ya wadatar, kuma yana barin shaida a rubuce. A ajiye kwafin kowace takarda, domin ana sauya wa jami'an ɗaukar sojoji wurin aiki, kuma wanda ya gaji kujerar ba lallai ya tarar da komai a kammale ba. Idan an yi saƙo biyu ko uku babu amsa, babu laifi a tuntuɓi shugaban ofishin cikin ladabi.

Shin in sanar da wurin aikina tun yanzu?

A sanar da su cewa ana nema, amma kada a ɗauki hutu ko a ƙi wani aiki sai ranar horo ta zo a rubuce. Tsawon horon ma ya bambanta: kwas ɗin hafsoshin ko-ta-kwana na Sandhurst, makarantar horar da hafsoshin sojan ƙasa ta Birtaniya, kashi huɗu ne, ana iya yin su a jere cikin mako takwas ko a rarraba su, wanda hakan yake ba ma'aikaci damar tsara hutunsa da shugabansa kashi bayan kashi.