Tambayoyi kan warkar rauni, na jiki da na zuciya

Zuwa asibiti ƙarancin bangaskiya ne?

A'a. Basamariyen nan na misalin da Yesu ya bayar a Luka 10 ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan wanda 'yan fashi suka daka, ya ɗaure, ya kai shi masauki. Da Sarki Hezekiya ya kwanta rashin lafiya da maruru, ya yi addu'a da hawaye, duk da haka annabi Ishaya ya sa a ɗora masa curin ɓaure a kan marurun (2 Sarakuna 20:7). In mutum ya yanke, a danne wurin da tsumma mai tsabta kamar minti 10, a wanke da ruwa mai tsabta, a rufe. Kumburi, ja, mugunya ko zazzaɓi alama ce ƙwayoyin cuta sun shiga, sai asibiti. Wanda ƙusa ta soka ya nemi allurar tetanus.

To, raunin zuciya fa?

Nan ake yawan kuskure. Ciwon da aka rufe da datti a ciki ruɓewa yake yi, haka baƙin cikin da aka danne da “ai ya wuce”. Zabura 88 kuka ce daga farko har ƙarshe, kuma tana cikin Littafi Mai Tsarki. Da annabi Iliya ya roƙi mutuwa (1 Sarakuna 19), mala'ika bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ba shi abinci da ruwa har sau biyu, magana ta zo daga baya. A fara da barci da abinci, sannan a samu amintacce guda a faɗa masa abin da ya faru. In ƙuncin ya wuce mako 2 yana hana ci da aiki, a ga likita tare da fasto. In tunanin kashe kai ya zo, a nemi taimako a ranar.

Gafara na nufin in koma wurin wanda ya cuce ni?

Ba lallai ba. Gafara barin ramuwa ce a hannun Allah (Romawa 12:19). Amana kuwa sai an ga tuba. Wadda ake duka tana iya gafartawa daga inda take da tsaro, kada kowa ya tura ta koma da sunan biyayya.

Na yi addu'a ban warke ba. Zunubina ne?

Yesu ya ƙi wannan lissafi a kan wanda aka haifa makaho (Yohanna 9:3). Bulus ma sau uku ya roƙa a cire masa ƙaya a jiki, aka amsa masa da alheri, ƙayar tana nan. Ci gaba da shan maganinka, ka kira dattawan ikilisiya su yi maka addu'a kamar yadda Yaƙub 5:14 ta ce.