Kiɗan rok na Danmak a zamanin farko (1967–1972)

Kiɗan rok na saikedelik da na firogiresib ya bunƙasa a ƙasar Danmak daga wajen 1967 zuwa farkon shekarun 1970, kuma birnin Kwapanhagan ne cibiyarsa. Saikedelik shi ne salon da ke kwaikwayon halin da mai shan ƙwayar LSD ke shiga, da sautin jita mai amsa kuwwa da kiɗa mai tsawo ba tare da baiti ba. Firogiresib kuwa ya ari tsarin jaz da na kiɗan gargajiyar Turai, har waƙa ɗaya takan cinye gefen faifai sukutum. A Danmak ba a cika raba salon biyu ba, domin sau da yawa makaɗa ɗaya ne ke yin su duka.

Asali

Kafin 1967 yawancin matasan makaɗan ƙasar waƙoƙin Ingila da Amurka suke maimaitawa da Turanci. Sai dai Kwapanhagan ta riga ta yi suna a fagen jaz, inda makaɗan Amurka ke taruwa a gidan kiɗa na Montmartre. Wannan ne ya sa rok ɗin Danmak ya tashi da masu busa da masu ganga waɗanda hannunsu ya riga ya faɗa.

Steppeulvene

Ƙungiyar da aka fi danganta mafarin lamarin da ita ita ce Steppeulvene, wadda ta ɗauko sunanta daga littafin marubucin Jamusanci Hermann Hesse. A 1967 ta fitar da faifanta tilo mai suna Hip. Mawaƙinta Eik Skaløe ya rubuta baitocin da harshen Danmak, abin da ba a saba ji a rok ba a lokacin, yana maganar soyayya da yawon duniya da ƙwaya da irin kalaman da matasa ke yi a titi. Stig Møller ne ke riƙe da jita, Søren Seirup na kan bes, Preben Devantier na ganga. Muryar Skaløe ba ta gogaggen mawaƙi ba ce, wani lokaci kamar magana yake yi a kan kiɗan, amma ita ce ta nuna wa 'yan baya cewa harshensu zai iya ɗaukar wannan kiɗa. Ƙungiyar ba ta daɗe ba ta watse. Skaløe ya kama hanyar gabas, ya rasu a 1968 a Indiya kusa da iyakar Pakistan yana ɗan shekara 25. An fi ɗauka cewa shi ya kashe kansa.

Savage Rose

'Yan'uwa biyu, Thomas da Anders Koppel, 'ya'yan mai tsara kiɗa Herman D. Koppel, su suka kafa Savage Rose a 1967 tare da mawaƙiya Annisette da mai gangar jaz Alex Riel. Horon kiɗan gargajiyar Turai 'yan'uwan suka samu tun a gida, saboda haka fiyano da ogan ne suka mamaye sautinsu, ba jita ba. Muryar Annisette, mai kaifi kamar ta yarinya amma da ƙarfin gaske, ita ta bambanta su da kowa. Faifansu na farko ya fito a 1968, kuma a 1969 sun yi wasa a bikin jaz na Newport a Amurka. Aikinsu da ya fi karɓuwa a gida shi ne Dødens Triumf, kiɗan da Thomas Koppel ya tsara wa rawar bale ta Flemming Flindt, wanda faifansa ya fito a 1972. Daga baya sun juya wa kasuwar kiɗa baya suka koma waƙoƙin gwagwarmayar siyasa.

Sauran ƙungiyoyi

Burnin Red Ivanhoe, wadda mai busa saksofon Karsten Vogel ke cikin jagororinta, ta fitar da tagwayen faifai M 144 a 1969. Mai gabatar da shirin rediyo na BBC John Peel ya yaba musu ƙwarai, hakan ya buɗe musu ƙofa a Birtaniya. A 1972 Vogel ya kafa Secret Oyster, wadda ta fi karkata ga jaz. Young Flowers, ƙungiyar mutum uku, ta yi Blomsterpistolen a 1968. Alrune Rod ta bi sawun Steppeulvene wajen rera waƙa da harshen gida, da dogayen waƙoƙi masu tafiya a hankali. Ache ta yi De Homine Urbano a 1970, shi ma kiɗan bale ne. Culpeper's Orchard ta fito da faifan farko a 1971 da mawaƙi ɗan Ingila, Cy Nicklin.

Fagen wasa

Kiɗan ya tafi kafaɗa da kafaɗa da boren matasa na lokacin. Sansanin Thy da aka kafa a arewacin Jutland a 1970, da unguwar Christiania ta Kwapanhagan da matasa suka mamaye a tsohon barikin soja a 1971, duk sun zama wuraren da makaɗan ke samun masu sauraro. A 1971 ɗin ne kuma aka fara bikin kiɗa na Roskilde, wanda ake yi har yau.

Zuwa tsakiyar shekarun 1970 ƙungiyar Gasolin' ta mawaƙi Kim Larsen, da gajerun waƙoƙinta na harshen Danmak, ta ƙwace kasuwa, yawancin ƙungiyoyin farko suka watse. A kundin al'adun ƙasa da Ma'aikatar Al'adu ta fitar a 2006 an saka faifan farko na Savage Rose.