Tambayoyin da masu shaguna suke ta yi min a kan kwastoma

Na daɗe ina ba 'yan kasuwa shawara a kan hulɗa da jama'a, daga masu shago a kasuwannin Kantin Kwari da Farm Centre a Kano har matan da suke sayar da kaya daga gida, kuma tambayoyin dai su ne kullum. To ga su nan na haɗa wuri ɗaya, dan Allah a karanta kafin a sake kira na.

Wai hulɗa da jama'ar nan ba talla ba ce?

A'a. Talla kai ne kake yabon kayanka. Wannan kuwa abin da mutum zai faɗa a kanka ne bayan ya bar shagon.

Ni ƙaramin shago gare ni, ya shafe ni?

Kai ya fi shafa. Babban kamfani in mutum goma suka gudu ba zai ji a jikinsa ba, kai kuwa Hajiya ɗaya in ta yi fushi da ƙawayenta za ta tafi, da 'yan adashinsu, da masu haɗa lefen danginsu.

In fara da babban allo mai fitila a ƙofar shago?

Fara da yaron shagonka. Kwanaki ina zaune a wani shago a Kwari wata mata ta yi sallama har sau biyu, yaron yana kallon TikTok bai ɗago ba, ta taɓa wata atamfa ta ce nawa, ya faɗi kuɗin idonsa na kan waya, ko sauko mata da ita bai yi ba. Ba ta ce komai ba, ta gyara mayafinta ta shiga shagon da yake kallon namu, can na ji ana cewa sannu da zuwa Hajiya, ga kujera. Mai shagon kuma a ranar yake min kukan babu kasuwa. Haba Alhaji. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, wannan tun a Kasuwar Kurmi kakanninmu suka sani, ba sabon ilimi ba ne.

Dole ne in rubuta farashi in na ɗora kaya a status?

Rubuta. Wannan "shigo ta ciki mu yi magana" yana sa mutum ya ɗauka kowa da kuɗin da za a yanka masa.

Ina da saƙonni da yawa a WhatsApp, ba laifi in na amsa gobe?

Da laifi, tunda kwastomar ta ga ka karanta. Ko "na gani Hajiya, bayan la'asar zan duba miki" ka rubuta ya wadatar, amma fa bayan la'asar ɗin ka duba. Teloli ku ma da ku nake, in ɗinki ba zai samu kafin Sallah ba ka faɗa tun ranar da aka kawo yadin, kar ka bari sai daren Sallah ka kashe waya.

Kwastoma ya ce ya yi transfa, ya nuna min rasit, ni kuma alat bai shigo ba. In ba shi kaya ko in riƙe?

To nan ne ba ni da amsa ɗaya, kuma duk wanda ya ce maka yana da ita bai zauna a shago ba. Tun lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, da aka sauya fasalin naira, ciniki ya koma transfa da POS, kuma abu biyu duk gaskiya ne: akwai masu rasit na bogi, akwai kuma mutumin kirki da aka cire masa kuɗi netwok ya riƙe. A fuska ba za ka bambance su ba, kar ka yaudari kanka.

Abin da nake cewa, ya danganta. Da farko kar ka dogara da saƙon tes, buɗe manhajar bankinka ka duba balans, sau da yawa kuɗin ya shiga saƙon ne ya makara. In bai shiga ba, sai ka duba waye a gabanka da kuma nawa ne kuɗin. Wanda ka saba da shi, ka san gidansa ko shagonsa, kuma kayan na 'yan dubbai ne, ni dai zan ce ka ba shi ya tafi, abin da za ka samu a zuciyarsa ya fi abin da kake tsoron rasawa. Baƙo ne kuma waya ce ta dubu ɗari uku ko bandir ɗin shadda, to riƙe kayanka, ba wanda zai ga laifinka. Amma yadda za ka riƙe ɗin shi ne maganar gaba ɗaya. Kar ka ɗaga murya maƙwabta su taru, kar ka karɓi wayarsa kana jujjuyawa kamar ka kama ɓarawo, kar yaranka su tare ƙofa. Ba shi wurin zama, sa a kawo masa ruwa, ka ce "Alhaji ka yi haƙuri, ƙa'idar shagon ce ga kowa, netwok ne yake mana haka." Ka ɗora laifin a kan netwok ɗin, ba a kansa ba. In ya gaji da jira, ka rubuta sunansa a jikin ledar a gabansa, ka ajiye gefe, ku yi musayar lamba, kuɗi na shiga kai za ka fara kira, in da hali ma ka aika masa kayan a Adaidaita Sahu. Zai iya yiwuwa duk da haka ya tafi da fushi, wani ba ya dawowa ko me ka yi, wannan kar ya hana ka barci. Kuma in ka manna takarda a bango tun farko cewa sai kuɗi ya shiga kaya yake fita, rabin rigimar ta mutu, domin ba zai ji shi kaɗai aka tuhuma ba. Ko wannan ma ban ce ya dace da kowane shago ba, mai sayar da kayan miya a 'Yankaba ba zai yi abin da mai waya yake yi ba.

Ba ni da canji, in ba da alawa?

Tambaye shi tukuna. Kuɗinsa ne. Kuma daina zaɓo yagaggiyar naira ɗari kana cusa wa yara da tsofaffi, suna gani.

Wata ta zage ni a Facebook a kan kayan da ta ce ba su ne ta gani a hoto ba, in rama?

Kar ka rama, kar ka turo ƙannenka su rama maka, kar kuma ka fito da hirarku ta sirri ka watsa. Kwantar da hankalinka, abin ba ya kaiwa yadda kake tsoro. Amsa sau ɗaya a fili, ka ba da haƙuri, ka ce za ka kira ta, sannan ka kira ɗin. Masu karantawa ba ita suke aunawa ba, kai suke kallo su ga yadda za ka yi da su ranar da nasu kayan ya zo da matsala. In kuma hotonka ne ka ƙara wa haske har kalar leshin ta canza, to ita ce da gaskiya, karɓi kayanka ka mayar mata da kuɗinta, gobe ka ɗauki hoto a hasken rana.